Tumakin Alfari Masu Jin Oda

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Na'Allah, can bakin gudro, wato titin kwalta, kusa da tashar Gaya, ya san Alfari ko da bai so ba. Shofer ne na kamyo, babbar motar kaya. Ya yi shekaru yana jan kaya daga Kwatano zuwa Yamai, kuma a faɗarsa babu ramin da ke kan hanyar nan da bai san asalinsa ba. Da aka rufe gadar kan iyaka, manyan motoci suka tsaya cik, patron ɗinsa mai motar ya ce kowa ya je gida ya jira. Kamyon ya zauna a filin ajiye motoci har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinsa. Alfari kuwa ya koma jan magana a bencin Na'Allah, tun hantsi har rana ta take. Ita dai magana ba ta cin man gazuwal.

Ana nan sai ɗiyarsa Latifa ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Uban mijinta, Malam Harun, wani dattijon manomi daga Tanda, ya zo gaisuwa da damin rake. Bayan an sha ruwa ya ce, "In Allah ya sauke ta lafiya, ragon suna kam na ware wani a gida."

Alfari ya gyara zama. "Haba Malam! Jikana na fari, a yanka masa ragon ƙauye? Daga garkena za a fiddo shi."

"Ashe kana da garke," in ji Malam Harun cikin ladabi, yana duban tsakar gidan, inda babu abin da ke motsi sai wata kyanwa, ita ma ta maƙwabta ce.

"Yana hanya," in ji Alfari.

Baƙo na fita, matarsa Ajuma ta leƙo daga madafa. "Maigida, wane garke?"

"Ke, mutumin da ya gangaro da kamyo cike da siminti da rabin birki, tunkiya ce za ta gagare shi? Sunana ma fa Alfari. Tambayi Zabarmawa, manomi ke nan."

"Sunan dai. Kazar da ƙanwarka ta ba ka ajiya bara, ai shaho ne ya ƙarasa kiwonta."

Ranar kasuwa ya tafi a kan motonsa mai ƙafa biyu, ya dawo da ƙafa. Ya yi musanyar moton da rago ɗaya da tumaki huɗu. Tun a hanya ya raɗa musu suna: ragon shi ne Titan, sunan wata ƙatuwar motar kaya, matan kuwa Kandi, Faraku, Doso da Kwatano, garuruwan da yake bi da kamyo, don kada ya manta da hanya. Abin da bai sani ba shi ne, su ba su san hanyar ba. Kandi ta nufi kogi, Doso ta shige shagon wani tela, Titan ya kafe ƙafafu a tsakiyar gudro ya ce nan ne gida. Alfari na ta ihu, "Dama! Na ce dama! Ke, hagu kika yi!" Sai da la'asar ta yi sanyi ya iso lungunsu, igiyoyi sun naɗe shi kamar damin ciyawa, hularsa a bakin Faraku.

Na'Allah, wanda gidansa ke jikin na Alfari, ya tare shi a ƙofa. "Fofo, Shofer. Kai ka kawo su ko su suka kawo ka?"

"Sabuwar mota ce, dole ta yi tauri kafin ta saba da hannu."

"To ga shawara kyauta. Kullum da safe Bafillace na bi ta nan yana kwasar dabbobin unguwa zuwa bakin kogi cin ciyawar burgu. Ka zuba naka ciki ka huta."

"Ni in ba wani sitiyarina? Ka tsaya ga shayinka."

Kwanakin farko tumakin suka nuna masa su ma suna da nasu ra'ayin. Ya kira su da fito, suka ƙyale shi. Ya kira su da suna, suka juya masa baya. Suka cinye tsakin da Ajuma ta shanya, suka ɗanɗana gefen tabarma, Kwatano ta haɗiye rabin sabulun wanki ta yini tana kumfa kamar mai aski. Alfari ya zauna a kan turmi ya yi tagumi, har wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ke sa mutum ya miƙe tsaye shi kaɗai.

"Ajuma! Mi ke sa jaki da ɗan adam da saniya su watse daga kan hanya lokaci ɗaya?"

"Ganinka a sitiyari."

"Oda! Duk abin da ke da kunne yana jin oda. Abin da ya iya korarsu zai iya kiransu."

Ya je filin ajiye motoci ya kwance odar kamyonsa, wadda 'yan lakwal, masu boko, ke ce wa kilakson, ya haɗo da tsohon batir, ya ɗaure ta a jikin bishiyar darbejiya da ke tsakar gida. Tsarin mai sauƙi ne: a danna oda, a ajiye tasar dusa. A danna oda, a zuba harawa. Da tumakin sun gane oda ita ce abinci, shi ke nan, ko suna can ƙauyen Bengu za su dawo da kansu. Babu makiyayi, babu igiya, babu sanda.

Safiyar da ya fara, Asabe mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, wadda gidanta ke kallon nasu, tana ɗauke da tukunyar dafaffen zogale. Odar ta tashi, paaam, tukunya ta yi gabas, Asabe ta yi yamma. Wani tsoho da ke alwala ya tsinci kansa a bayan randa bai san yadda ya je ba. Na'Allah ya fito da gudu yana salati, ya ɗauka kamyo ne ya shigo masa ɗaki.

Asabe ta faɗo gidan ba sallama. "Alfari, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Karin kumallo ne."

"Karin kumallon wa? Aljanu?"

"Kiwon zamani ne, Asabe. Ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Matarka ta yi haƙuri da kai shekara da shekaru, yanzu an raba wa unguwa kowa ya ɗauki rabonsa."

Abin haushin shi ne, dabarar ta ci. Kafin wata ya juya, da an taɓa oda sai ka ga tumakin nan sun taso a guje, Titan a gaba, kunnuwa a miƙe, su yi cirko-cirko a gindin darbejiya. Alfari ya daina tafiya kamar sauran mutane. A teburin shayi ya sanar cewa nan da shekara biyu makiyayan ƙasar Dendi duka za su ajiye sanda su zo koyo wurinsa, kuma yana tunanin ko ya karɓi ɗalibai daga ƙetaren kogi.

"Za ka ba su permi na tuƙi in sun gama?" in ji Na'Allah.

"Yi dariyarka. Ranar da za a zo ɗaukata a tele, kai ne za ka kawo shayi."

Abu ɗaya ne babban masanin bai sa a tsarinsa ba: Gaya gari ne da ko keke in ya samu oda sai ya danna.

Abdoulaye ɗan kabu-kabu ne ya fara buɗe taron. Ya tsaya da motonsa ƙofar Asabe da rana, ya yi pim-pim don ta fito ta zuba masa kopto. Kafin Asabe ta fito, zanar gidan Alfari ta kwanta. Tumaki biyar suka tsallako, suka duba hagu da dama, suka ga tasa cike da zogale da ƙuli a kan tebur daidai inda oda ta yi kira. Su kam ba su ga wani kuskure ba. Titan ya zura kai har kunnuwa, matan suka kewaye, Abdoulaye ya haye katanga da ƙafa ɗaya a takalmi.

Asabe ta riƙe ƙugu. "Ga kiwon zamani nan ya zo ziyara!"

Alfari ya iso yana haki, ya dubi tasar da aka lashe tas, ya juya kan Abdoulaye. "Kai wa ya ce ka danna oda a nan? Ba ka san akwai dabbobi masu ilimi a lungun nan ba?"

"Baba, ni kopto na zo saye."

"Su ma shi suka zo ci," in ji Asabe. "Bambancin kai za ka biya, su kuwa ubansu ne zai biya. Alfari, ga tabarma, ga damin zogale. Zauna ka tsinke min abin gobe."

Haka unguwa ta wuce tana kallon shofer na Kwatano zaune a ƙofar Asabe yana tsinkar ganye. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ce yana nazarin abincin dabbobi ne.

Washegari ya kafa doka. Ya ɗauko kujera ya zauna a bakin lungu, duk moton da ya shigo sai ya ɗaga hannu. "Nan ba a oda." Labari ya kai wa 'yan kabu-kabu, kuma babu abin da ya fi musu daɗi kamar a hana su abu. Waɗanda ba su taɓa bin lungun ba suka mai da shi hanya. Su zo daidai gidan, su yi pim-pim, su ja da gudu, tumaki a bayansu, Alfari a bayan tumaki, yaran unguwa a bayan Alfari. Wata rana motar fasinja mai zuwa Doso ta yi doguwar oda a tasha, garken ya bi ta kan gudro har bayan gari. A gonar raken wani mutum Alfari ya same su, ya dawo da su da shatar bulalar mai gona a hannun rigarsa.

Ajuma ta tsaya tana duban Titan da yamma. "Maigida, wanga ragon kuwa ƙiba yake ko ramewa? Haƙarƙarinsa sun fito fili."

"Ƙarfi ne yake tarawa. Kitse na malalata ne."

"To madalla. In an zo suna sai a raba wa baƙi ƙarfi."

Sai ya ɓullo da gyara: ya sayo auduga ya toshe musu kunnuwa, ya ce in lokacin abinci ya yi zai cire. Tumakin suka dubi juna, kowace ta ga fari-fari a kunnen 'yar'uwarta, suka cinye audugar juna kafin ya gama wanke hannu. Ya ɗaura musu tsummoki a ka kamar masu ciwon haƙori. Suka cinye tsummokin su ma, har da ɗankwalin Ajuma da ya ara bai tambaya ba.

Cikin wannan hali Latifa ta sauka lafiya, namiji. Aka sa suna a ƙofar gidan Alfari.

Ranar suna tun da sassafe ya wanke Titan da sabulu, ya ɗaure shi da sabuwar igiya a wani ƙaton turke da ya kafa da kansa. Ya sa shaddarsa fara mai aiki a wuya. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera farantan dabino da goro, mata na ta dama fura a ciki. Duk baƙon da ya zo sai Alfari ya ja shi gindin darbejiya ya danna masa oda don ya ga yadda tumaki ke miƙewa. Ya danna wa liman, ya danna wa mai unguwa, ya danna wa wani makaho da ya zo bara, har muryar odar ta fara shaƙewa.

Liman ya zauna, wuƙa na gefensa. Ana jiran mutanen Tanda kawai.

Su kuwa mutanen Tanda ba su zo da wasa ba. Jikansu ne na fari su ma. Suka taho a tsohuwar motar ɗaukar kaya, motoci na rakiya gaba da baya, kuma tun daga bakin lungu kowa ya ɗora hannu a kan oda.

Titan ya ɗaga kai. Alfari ya ga kunnuwan sun miƙe, ya ce, "A'a. A'a, Titan. Ba naka ba ne." Ragon ya ja sau ɗaya, turken ya fito da ƙasarsa. Matan suka keto ta zaure. Garken ya bi ta kan tabarmi, turke na tsalle a baya yana dukan duk abin da ya samu. Dabino ya tashi sama, goro ya gangara kwata, mai unguwa ya rungume liman, wani dattijo ya haye bencin da wasu ke zaune ya kife da su gaba ɗaya. Shofer ɗin motar Tanda ya hango rago da ƙaho na nufo shi, ya tsorata ya ƙara danna oda yana ja da baya, su kuwa suka ƙara wuta. Da suka kai bakin gudro, wata babbar mota ta yi kuka daga can nesa, suka karkata suka bi ta.

"Kowa ya zauna!" in ji Alfari yana ɗaga hannuwa. "Yanzu za ku ga amfanin ilimi." Ya taka da isa zuwa gindin darbejiya, jama'a na kallo, ya danna odarsa. Ta ce "hiik", kamar tsohuwa ta shaƙe da ruwa. Ya sake dannawa. Shiru. Batir ya ƙare a wajen nuna wa baƙi.

Liman ya gyara rawani. "Malam Alfari, rana na yi. A kira suna ko a jira ragon ya gama zagayen gari?"

"Yanzu-yanzu, Allah gafarta Malam!" Ya suri tasar dusa, ko duba cikinta bai yi ba, ya haye bayan moton Abdoulaye. "Bi su!"

A filin ajiye motoci suka same su. Nan ne shofer-shofer da ba su da aiki ke yini a inuwar kamyo suna dara, abokan aikin Alfari na shekara da shekaru, waɗanda ya cika wa kunne da labarin kiwon zamani. Wani cikinsu ya taɓa oda don ya kori tumakin daga tukunyar shinkafarsa, sai ya ga sun nufo shi. Wani a ɗaya ƙarshen filin ya gwada tasa, suka juya suka nufe shi. Ai kuwa mutanen da suka yi wata da watanni ba abin yi suka samu abin yi. Kowa ya haye motarsa.

Paaam daga gabas, garke ya yi gabas, Alfari ya bi su da tasa, shadda na kaɗawa. Kafin ya kai, puuum daga yamma, suka wuce shi kamar ba su taɓa ganinsa ba.

"Ku bari! Don Allah ku bari, suna ake jira!"

"Shofer, kama dama!" wani ya ƙwala daga saman mota. "Ka bar su sun yi maka obatek!"

"Sa sigina mana, Alfari!"

"Ina birkinsu? Ba ka sa musu birki ba?"

Masu tallan abinci suka ajiye kaya, 'yan dako suka hau kan tayoyi don su gani da kyau, har aka fara rabuwa biyu, masu goyon gabas da masu goyon yamma. Alfari ya tsaya a tsakiyar fili, numfashi ya ƙare, ya ɗaga tasa sama ya buɗe baki ya yi da muryarsa, "Paaam! Paaam!" Filin ya kwashe da dariya har wani ya faɗo daga kan mota.

Amma Titan ya ji. Ya tsaya, ya juyo. Tun safe ake kiransa ci, ya amsa kira ya fi a ƙirga, bai ga ko ƙwayar dusa ba. Yanzu ga mai laifin da tasa a hannu. Ya tako a hankali, ya leƙa tasar, ya tarar babu komai. Ya ja da baya taku kaɗan.

"Yauwa ɗan albarka," in ji Alfari, ya juya yana neman bakin igiya.

A nan Titan ya same shi, daidai inda ake zama. Alfari ya tashi sama kaɗan, ya sauka a cikin tabkin baƙin mai da ake zubarwa in an yi wa motoci juye.

Rana ta take sosai kafin ya dawo lungu. Farar shadda ta koma kalar gudro, hula babu, takalmi ɗaya. Ya ɗaure igiyar Titan a wuyan hannunsa da ƙulli uku don kada a sake, matan huɗu na biye suna jan ƙafa. Tun daga nesa ya ji ƙamshin suya. Da ya matso ya ga fatar rago a shanye, mahauci na ta sara, jama'a na cin abinci cikin kwanciyar hankali.

"Wane rago ne wanga?"

Malam Harun ya taso ya tare shi da hannu biyu. "Sannu da hanya, Malam Alfari. Na ƙauye ne, ka yi haƙuri da shi. A bayan mota muka taho da shi. Maiɗakinka ta kira ni a telefon tun ran da aka haihu, ta ce in riƙo shi ko da za a yi baƙi da yawa."

Alfari ya dubi zaure. Ajuma na tsaye da ludayi, ta dube shi ido cikin ido, ba ta ko ƙifta ba.

"Har an kira sunan?"

"Tun ɗazu. Abdulhakim. Allah ya raya mana."

"Amin," in ji Alfari a sanyaye. Aka matsa masa a gefen tabarma, nesa kaɗan saboda mai. Aka ajiye masa kwanon shinkafa da nama. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, sai rai ya fara dawowa. Ya share baki da hannun da ba a ɗaure ba, ya dubi jama'a.

"Ku dai ku faɗi gaskiya, tsarin ba shi da laifi. Kun ga yadda suke amsawa? Garin ne ya cika hayaniya. Abin da ya rage kawai, in sama musu oda mai wata murya daban, wadda babu irinta a ƙasar nan, sannan..."

Can bakin lungu wani ɗan kabu-kabu ya kawo fasinja, ya yi pim-pim.

Titan ya miƙe. Igiya ta miƙe. Kwanon shinkafa ya yi nasa wuri, Alfari ya bar tabarma a kwance, ya samu ya tashi da gwiwa, ya bi ragonsa da gudu hannu a gaba, yana kiran sunan Allah da na Titan a haɗe.

Na'Allah ya kurɓi furarsa, ya ɗaga ludayi sama.

"Allah ya kiyaye hanya, Shofer! A gaida mutanen Doso!"